Jan Fenti a Bangon Malam Ilu

"…lafiya lau muka kwana, sai dai amaryar da ta yi mini yaji wata huɗu, yau ga ta da bakko har uku. Tarewa aka zo yi, ko kwasar gado tun ban mutu ba?"

"Wane gado gare ka, Kaka, in ban da tsohon rediyo da haƙori biyu? Ina kwana dai."

"Na amsa tun kina bakin ƙofa. Haƙoran kuma uku ne, sai ki sake ƙirgawa."

Malam Ilu ke nan, tsohon dillalin raguna a unguwar Hausawa ta New Bell da ke birnin Douala na Kamaru, yana zaune kan benci a zaure da rediyonsa a cinya, an ɗaure shi da roba don kada baturan su zube. Wadda yake wa tsiya kuwa jikarsa ce, Raliya, 'yar 'yarsa. A gidan nan ta yi wayo kafin iyayenta su koma Bonabéri, kusa da Grand Hangar, inda take aiki yanzu a wani kantin magani. Tun tana rarrafe yake kiranta amarya, ita kuma da ta iya magana ta fara ramawa, har yau ba wanda ya sare a cikinsu.

Amma ran nan ba wasa ya kawo ta ba. Shekaranjiya wani hoto ya fara yawo a waya: bangon gida an gicciye shi da jan fenti, layi biyu manya. A ƙasa an rubuta da Faransanci da Hausa cewa za a rushe unguwar Hausawa bayan Babbar Sallah, ga shi har an fara sa alama, kowa ya tura wa na gaba. Kallo ɗaya Raliya ta yi ta gane bangon, don ga koriyar tagar ɗakin da ta yi ƙuruciya a ciki. Kafin ta dawo hayyacinta ta riga ta buɗe rukuni mai suna A Ceci New Bell, cikin kwana biyu mutum ɗari shida suka shiga. Ta rubuta kira cewa gobe Juma'a, da an idar da salla, a haɗu a ƙofar masallaci a yi tattaki zuwa ofishin magajin gari. Ta sa sunanta da lambarta a ƙasa. Izinin hukuma kuwa ko tunaninsa ba ta yi ba, alhali a garin nan taro babu izini ba ya ƙarewa da daɗi.

Da hantsin Alhamis ɗin, ruwan dare ya ɗauke, kwatoci sun cika sun batse, ta hau bensikin, wato babur ɗin haya, ta ƙetaro gadar Wouri da bakkunanta don ta fara kwashe wa tsohon kaya. Tana sauka ta ga alamar da idonta, ja wur a jikin bango.

"Kaka, tashi za ka yi mu fara da akwatin takardu," in ji ta. "C'est grave, abin ya yi muni. Kana zaune kana jin waƙa, ana shirin kawo katafila a kanka."

"Katafilar ta aiko ki ne?"

"Ba ka ga bangonka ba?"

"Kullum ina ganinsa. Shekara arba'in da bakwai muna gaisawa."

"To an sa masa alama. Gani ya kori ji."

"Ya kore shi, amma bai kori tambaya ba. Me kika gani?"

"Jan fenti."

"Madalla da idon amarya. Wa kika ga yana shafawa?"

Raliya ta gyara zaman gyalenta. "Sai na ga mai shafawa? Ruwa ba ya tsami banza. Duk Douala ta sani, kai kaɗai ne ba ka da labari, don rediyonka ya girmi gadar Wouri."

"Ya girme ta, kuma bai taɓa sa ni ɗaukar bakko ba. Zauna ki ba ni ruwayar. A makarantar allo in aka ce an ce, sai malam ya ce wa ya ce. Ke wa ya faɗa miki?"

"Baraka, ƙawata."

"Baraka mai kitso? Yaushe aka naɗa ta magajin gari ban je biki ba?"

"Ita ma turo mata aka yi, daga rukunin 'yan ajinsu."

"Su kuma daga wa?"

Ta zauna a gefen bencin, ba don tana so ba, ta shiga jan babban yatsa a fuskar waya. Ta bi saƙon baya-baya, daga rukuni zuwa rukuni, har ta isa wani shafi a Facebook mai hoton zaki da tuta. Mai shafin bai sa sunansa na gaskiya ba. A makon da ya wuce shi ne ya yi kiran a daina shan wani lemo, kafin nan kuma ya yi shelar wani magani da ke warkar da cuta goma sha biyu.

"Wani ɗan gwagwarmaya ne," ta ce, muryarta ta ɗan sauka.

"Sunansa?"

"Zakin Talakawa."

"Ɗan gidan wa? A wane masallaci yake salla? In ya mutu ina za a je gaisuwa?"

"Kaka, ba haka ake yi a zamanin nan ba."

"Na ga alama. A kasuwarmu ko akuya ba a saya sai an san hannun da ta fito, don kar ta sata ce. Ku kuma zaki ya ba ku labari kun karɓa ko la'ada bai nema ba. Ni da na yi zaton wani kyakkyawan saurayi ne ya ƙwace mini ke, ashe dabbar dawa ce."

"Ko dabbar dawa ai ta fi tsohon da in ya yi dariya ana hango cikinsa."

"Amma tsohon yana da adireshi."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. Haushi take ji, kuma a ƙarƙashin haushin akwai tsoro na gaske, don gidan nan shi ne asalinta. A tsakar gidansa aka yi mata wankan suna, a zauren nan aka ɗauki gawar kakarta mace.

Tsohon ya buga rediyonsa da tafin hannu. "Wannan da kike rainawa, safe da yamma ina jin labarai a cikinsa, na Hausa da na Faransanci. A ce za a tashi unguwa guda a tsakiyar Douala, ko tari bai yi a kai ba? To bar nawa. Wayarki ai an ce har jaridu tana ɗauke da su. Buɗe ki karanta mini."

Ta buɗe shafin wata jarida, ta buɗe na biyu, ta leƙa na gidan talabijin, ta leƙa inda ofishin magajin gari ke sa sanarwarsa. Akwai labarin cunkoso a Ndokoti, akwai na ambaliya, akwai na ƙwallo. Na rusau a New Bell ko layi ɗaya babu.

"Ɓoyewa suke yi," ta ce.

"Dukansu? Waɗannan da ko a kan ganin wata ba sa haɗa baki? To mu ce sun ɓoye. Shef Bakari mai unguwa fa, shi ma nasa gidan yana layin nan. Kin tambaye shi?"

"Ban samu lokaci ba."

"Kin samu lokacin tara mutum ɗari shida, ba ki samu na kiran mutum ɗaya ba. Matambayi ba ya ɓata, amarya. Buga masa."

Ta buga, ta sa yadda kowa zai ji. Shef Bakari ya amsa da muryar wanda ya gaji. Ya ce tun jiya wayarsa ba ta huta ba, babu wata takarda da ta zo masa, ya kuma je ofis da ƙafarsa an ce ba su san zancen ba. Sannan ya ce, "Wai wata yarinya ce ke kiran tattaki gobe. In kun san ta ku ja mata kunne, kada ta jefa 'ya'yan mutane cikin motar 'yan sanda." Raliya ta yi godiya da ƙaramar murya ta kashe.

"Kin san yarinyar?" in ji Malam Ilu.

"Ban san ta ba."

"Ni ma haka. Amma an ce mummuna ce, mai gajeren wuya."

"Ta gado kakanta ke nan."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya rage ƙarar rediyon. "Ba na ganin laifinki a kan tsoron. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Na ga rusau a garin nan da idona. Na ga mutum tsaye da ƙofar ɗakinsa a ka, ya rasa inda zai kafa ta. Amma shi ma rusau yana da tasa sallama. Takarda ke fara zuwa da hatimi, a kai wa mai unguwa. Alamar kuma ba gicciye kawai ba ce, da haruffa a gefe, da kwanan wata, kuma layi guda ake bi ana shafawa. Kin ga harafi a bangona? Kin ga alama a na maƙwabta?"

Ba ta duba ba. Da ta sauka daga bensikin jan kawai ta gani, idonta ya rufe.

"To ai ko ma mene ne, wani ne ya shafa," ta ce. "Bango ba ya yi wa kansa kwalliya."

"Yau kin faɗi gaskiya, Allah ya sa ba ciwo ba ne. Tashi ki yi mini aikin aure. Ga kwanon dusa can, ki kai wa raguna a bayan gida, tun safe suke kirana."

"Da wannan atamfar? Ka ga na yi kama da makiyayi?"

"Kin yi kama da wadda ta tara garke a waya. Je ki gwada na gaske."

Ta ɗauki kwanon tana gunaguni, ta bi ta lungu tana tsallake ruwan da ya kwanta. Saura kwana goma Babbar Sallah, ragunan da aka sauke masa daga arewa suna ɗaure ƙarƙashin rumfar kwano, goma sha ɗaya, sai warin fitsari da harawa. Suka taso mata gaba ɗaya. Ta sunkuya za ta juye dusar, sai idonta ya faɗa kan kwiɓin wani farin rago mai ƙaho a murɗe. Jan gicciye ne a jikinsa, layi biyu. Ta dubi na kusa da shi, haka. Duka sha ɗayan haka, kuma kowanne layinsa na biyu ya karkace ya ja wutsiya hagu, daidai da na jikin bango. A kan wani bulo ga gwangwanin fenti, da buroshi a tsome cikin kananzir.

Ta daɗe a tsaye da kwano a hannu, har wani rago ya sa kai ya kifar da shi.

Da ta dawo zaure tsohon yana ɓare goro, bai ko ɗago kai ba.

"Kaka."

"Na'am. Su ma za a rushe su?"

"Kai ne ka shafa."

"Wa kuma? Hannun da ke rawa haka ai ɗaya ne a New Bell."

"Me ya kai ka bango?"

"Ruwan Douala. A arewa shuni ake shafa wa rago ya wadatar. Nan kuwa ruwa ɗaya zai wanke shi, ka wayi gari a kasuwa naka ya shige garken wani, a yi ta rantsuwa. Shi ya sa nake amfani da fentin mai. Bana an kawo mini sabon gwangwani ban yarda da shi ba, sai na gwada a bango na bar shi ya kwana cikin ruwa. Da ya kama, na shafa wa dabbobi. Wani mai wucewa ya ɗauka a waya, zakinku ya yi masa tafsiri."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Jiya bayan asuba mutum uku suka tare ni suna mini ashiya, ashiya, kamar an yi mini mutuwa. Na ce ni na shafa. Ɗaya ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Ɗaya ya ce an tsorata ni ne na rufa wa gwamnati asiri. Na ukun ya nuna mini hoton bangona a waya, wai in gani da idona. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma yanzu sai ya tambayi waya. Shi ya sa ke ban faɗa miki ba. Na ce bari ƙafarki ta kai ki."

Kunya ta rufe Raliya har tana jin zafi a kunnuwanta. Ta zauna, ta kifa wayar a cinya.

"Shi ke nan, sai in goge rukunin a wuce wurin."

"Magana zarar bunu ce. Kin san Jafaru mai takalma, wanda ke haya a shagon gabana?"

"Wanda ya zo daga Kano bara?"

"Shi. Takardar zamansa ba ta fito ba har yau, ko ɗan sanda ya hango sai ya canja hanya. Jiya ya sayi farin yadi ya kai an rubuta masa A Ceci New Bell. Ya ce shi zai riƙe a gaba, tunda 'yar gidan Malam ce ta yi kira, ba zai ci amanar gidan da ya ba shi inuwa ba. Na ce masa babu rusau, ya ce kara nake masa. Irinsa sun kai ashirin a layin nan. Ke in an kama ki, ubanki zai zo da katin ɗan ƙasa ya fitar da ke kafin magariba. Shi fa?"

Ta san amsar. Mota za a sa shi zuwa kan iyaka, shagon da jarin da ya tara su zama na wanda ya tsinta.

"In na fito na ce fentin rago ne, dariya za a yi mini har in mutu," ta ce a hankali. "Sunana ne a ƙasan saƙon."

"Za a yi. Ni zan fara. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma dariya ba ta kai mutum kan iyaka. Ga wani abu kuma. Wata rana mai yiwuwa na gaske ya zo, da takarda da hatimi. Ran nan za a nemi wanda in ya yi kira za a fito. In kin ɓoye yau, kin sayar da muryarki. In kin fito kin ce na yi kuskure, ga abin da na bincika, gobe in kin ce wuta kowa zai ɗauko guga."

Ta dube shi. "Yaushe ka yi hankali haka?"

"Wata huɗun da ba kya nan. Na samu hutu."

Ta miƙe ta ɗaure gyalenta a ƙugu. "Tashi, Ango. Kai ka ɓata bango, da kai za a gyara. Kamo farin ragon nan."

Haka aka yi. Aka jawo rago gaban bango, Malam Ilu ya tsaya da gwangwani a hannu ɗaya, buroshi a ɗayan, ya gyara hula kamar za a ɗaura masa aure. Raliya ta juya wayar ta fuskance su su uku har da ragon, ta fara ɗaukar bidiyo. Ta faɗi sunanta. Ta ce ita ce ta yi kiran tattaki, kuma ta yi ne ba tare da ta bincika ba. Ta nuna alamar bango, ta nuna ta rago, ta faɗi abin da Shef Bakari ya ce, ta lissafa inda ta duba ba ta ga komai ba. Ta ce an fasa, kowa ya yi sallarsa ya koma gida, ta kuma nemi gafara. Ta maimaita da Faransanci. Ragon ne kawai ya ƙi ba da haɗin kai, ya yi ta neman cin bakin atamfarta.

Ta tura, suka koma benci suna jira. Bayan rabin awa ta duba.

"Mutum goma sha tara ne suka tura gaba. Hoton farko kuwa ya wuce dubu uku. Wasu ma cewa suke an saye ni."

"Da me? Da dusa?" Ya tofar da ɓawon goro. "Ƙarya a bensikin take tafiya, gaskiya a ƙasa. To sai ki bi ta a ƙasan. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki fara da shagon Jafaru, ki karɓe yadin nan da hannunki. Daga nan mu je wurin liman, ladan ya yi shela bayan azahar, gobe ma a maimaita kafin huɗuba."

"Mu je? Za ka raka ni?"

"In bar amarya ta bi layi ita kaɗai, ga zakuna a gari? Sai dai ban ji an ce na ci ba."

Ta yi ajiyar zuciya, ta tattaro bakkunan uku ta ajiye a gabansa. "Ka ci, Ango. Da haƙori uku ka cinye ni. Ga tukwici, ka zuba dusa."

"Na karɓa, ko da yake rowa ta yi yawa." Ya jawo bakkunan da ƙafa, ya dube ta ta gefen ido. "Wata huɗu ban ga ƙeyarki ba, daga nan zuwa Bonabéri kamar Makka. Da na san fenti ne ke kawo ki, da tun azumi na shafe gidan duka."

Wannan ta shige ta fiye da duk tsiyar da ya yi mata tun safe.

"Miƙo wayar nan," in ji shi.

Ta miƙa. Ya tsoma ɗan yatsa a gwangwani, ya juya bayan wayar, ya ja layi biyu, na biyun ya karkace ya ja wutsiya hagu.

"Kaka, sabuwar riga ce na saya mata. Ita ma rushe ta za a yi?"

"Har yanzu ba ki iya karatu ba. Alamar nan ba ta taɓa nufin rusau ba. Cewa take, wannan na Ilu ne, in ya shige garken wani a dawo da shi gida."

Raliya ta yi dariya har ta goge ido da bakin gyale. Ta riƙe wayar ta gefe don kada fentin ya goge, ta miƙa masa ɗaya hannun ya dafa ya tashi, suka nufi shagon Jafaru.